Bayan ruwa ya janye: makarantun ƙananan yara a Legas da sharuɗɗan amincewar gwamnati

Mazauna Mile 12, Agiliti, Owode da Ajegunlen da ke kan hanyar Ikorodu sun san ruwa iri biyu ne ke hana su barci. Na farko shi ne ruwan saman Yuni da Yuli, wanda kan cika magudanai ya kutsa ɗakuna cikin 'yan sa'o'i, irin wanda aka tafka ranar 10 ga Yulin 2011 har gwamnatin jihar ta ba ɗalibai hutu washegari, ko na 3 ga Yulin 2024 da ya tsayar da motoci a Iyana Oworo. Na biyu kuwa yakan zo ko da rana ake ƙwallawa. A watannin Satumba da Oktoba, idan aka saki ruwan madatsar Oyan da ke kusa da Abeokuta, sai Kogin Ogun ya tumbatsa, ya biyo ta Kara da Isheri, ya kwanta a unguwannin da ke kwari, wani lokaci har makonni kafin ya tafi. Na farkon yana faɗowa ne a ƙarshen zango na uku, ana shirin jarrabawa. Na biyun yana zuwa ne a farkon sabuwar shekarar karatu, daidai lokacin da iyaye ke harhaɗa kuɗin makaranta, mai makaranta kuma ke jiran kuɗin don biyan haya da albashi.

Idan ruwa ya janye, gidaje da shaguna da motoci ake ƙirgawa. Ba kasafai ake sa ɗakin nan mai zanen haruffa a bango da ƙananan kujerun roba a lissafi ba, inda ake ajiye yara 'yan shekara biyu zuwa biyar. Alhali a zaman Legas, sana'ar gidaje da yawa a kan wannan ɗaki take tsaye. A gida Arewa, idan uwa za ta fita, akwai kaka, akwai matar wa, akwai maƙwabtan da aka tashi tare. A nan kuwa iyali na cikin ɗaki ɗaya ko ciki da falo, dangi suna can Kano ko Sakkwato ko Zariya. Maigida ya fita kasuwar gwari tun kafin asuba, ko mayankar Oko-Oba. Uwargida tana sayar da abinci, ko tana ɗinki, ko ita ma tana koyarwa. Ranar da nazare ta rufe, ko dai uwa ta ajiye sana'arta, ko ta goya yaro ta shiga da shi cikin caɓin kasuwa, ko a hana yayarsa 'yar shekara tara zuwa aji ta zauna raino. Wannan na ƙarshen ne ya fi damuna, don babu mai lura da shi, kuma yarinyar da aka tsayar a gida zango guda ba lallai ne ta koma ba.

Mai makarantar, wadda sau da yawa mace ce, ba laka kaɗai ce ke jiranta ba. Akwai takardar amincewar gwamnati.

Me takardar take nema?

A Jihar Legas, makarantar kuɗi daga nazare zuwa sakandare tana ƙarƙashin ofishin tabbatar da ingancin ilimi na jihar, wanda aka fi sani da OEQA. Kafin makaranta ta samu amincewa sai ta bi matakai: a binciki sunan da ta zaɓa a yi masa rajista, jami'ai su zo su ga wurin, daga baya su dawo su duba ajujuwa da malamai da kayan aiki, sannan a ba da takarda. Bayan nan akwai kuɗin da ake biya duk shekara da ziyarar masu duba makarantu. Gidajen rainon jarirai kuwa ma'aikatar matasa da ci gaban al'umma ce ke yi musu rajista. Ke nan wurin da ya haɗa raino da nazare da firamare a gida ɗaya, kamar yadda aka saba gani, yana da iyayen gida biyu tun kafin a zo ga hukumar kula da gine-gine ta LASBCA, da 'yan kwana-kwana, da dubagarin ƙaramar hukuma.

Ba Legas ce kaɗai ta shimfiɗa sharuɗɗan ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sanya kula da ƙananan yara cikin ilimin tushe. Manufar ilimi ta ƙasa, bugun 2013, ta ƙara shekara guda ta share fagen firamare, ta kuma ƙayyade cewa mai raino ɗaya kada ta wuce jarirai 10, malamar nazare kuma yara 25. Hukumar NERDC mai tsara manhaja tana da kundin mafi ƙarancin abin da cibiyar ƙananan yara za ta mallaka: ɗaki mai iska da haske, daɓe marar santsi, ruwa mai tsabta, banɗaki, filin wasa mai shinge, akwatin taimakon gaggawa, da bayanan lafiyar kowane yaro. Ana kuma son malami ya riƙe shaidar NCE da rajistar hukumar malamai ta TRCN. Duk wanda ya taɓa riƙe yaro ya san babu na banza a cikinsu.

A wasu ƙasashe abin hawa biyu ne. A Amurka, alal misali, jiha ce ke ba da lasisin buɗe gidan raino, sannan cibiyar da ke son nuna ta zarce wannan mataki sai ta nemi shaidar inganci daga ƙungiya mai zaman kanta irin NAEYC, wadda ta fara wannan aiki tun 1985, shaidarta kuma ta shekara biyar ce. A can, maganar da kan taso bayan guguwa ko wutar daji ita ce yadda za a ɗaga wa cibiya ƙafa kan ranar miƙa rahoto ko ranar zuwan masu tantancewa, kada ta rasa shaidar da ta sha wuya kafin ta samu. A wurinmu, makarantun da 'ya'yan talakawa ke zuwa da hawa na farko suke fama, wato amincewar gwamnati, kuma rashinta na iya sa a garƙame ƙofa.

Yadda ruwa ke karya sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya

A ɗauki makarantar da ta cika komai, ta karɓi takardarta, tana ƙasan wani benen haya a Agiliti. Ruwa ya kai gwiwa, ya yi kwanaki a ciki.

Ginin da jami'ai suka duba suka sa hannu, yanzu ba shi ba ne. Bulon da ya daɗe a jiƙe da harsashin da ruwa ya zaizaye ƙarƙashinsa, musamman inda aka cike fadama da shara da yashi aka ɗora gini, ido ba ya iya tantance lafiyarsu, fenti kuma yana rufe tsaga. Wayoyin wuta da soket ɗin da ke ƙasa-ƙasa, daidai inda hannun ɗan shekara uku ke kaiwa, duk sun sha ruwa. Katifu da tabarmi da littattafan hoto da 'yan tsana masu auduga kan fara hunhuna cikin kwana ɗaya zuwa biyu, yaron da aka kwantar a kai kuwa shaƙa yake yi.

Sai maganar ruwa da banɗaki, wadda ita ce mai kisa. Galibin gidajen waɗannan unguwanni da sokawe suke aiki, ruwan amfani kuma daga rijiya yake zuwa, ko burtsatse, ko 'yan garuwa. Ambaliya tana gauraya su wuri guda. Ruwan da ya shiga aji ba na sama ba ne zalla, ya kwaso abin da ke cikin kwata da masai. Ƙaramin yaro kuwa rarrafe yake yi, duk abin da ya ɗauka baki yake kaiwa. Gudawar da babba zai jure ta kwana biyu tana iya ƙarar da ruwan jikin ɗan shekara biyu cikin yini guda. Lokacin da kwalara ta ɓarke a Legas a Yunin 2024, Kosofe, ƙaramar hukumar da Mile 12 ke cikinta, tana cikin wuraren da cutar ta fi ƙamari, tare da Tsibirin Legas da Eti-Osa.

Takardu ma sun tafi. Rajistar kiran suna, kwafin katin rigakafi, lambobin wayar iyaye, rasidan kuɗin shekara, har da takardar amincewar kanta, yawanci a durowar teburin shugabar makaranta suke. Jami'in da ya zo dubawa kuwa abin da ke rubuce yake gani.

Malaman a unguwar suke zaune, ɗakunansu ma sun cika. Albashinsu daga kuɗin zango yake fitowa, iyaye kuma sun yi asara, wasu ma sun tura iyali gida Arewa sai ruwa ya ɗauke. Kuɗi bai shigo ba, malama mai NCE ta samu gurbi a wata makaranta a Ketu ko Ojota ta tafi, ba kuma za a ga laifinta ba. Aka bar yarinyar da ta gama sakandare da ajujuwa biyu a haɗe. Ƙa'idar malama ɗaya ga yara 25 ta karye ba tare da kowa ya yi niyyar karya ta ba.

Ƙullin da ya fi wuyar kwancewa shi ne adireshi. Wuri aka duba, wuri aka amince da shi. Idan mai makaranta ta kwashe yaran zuwa wani gida a kan tudu ko zauren masallaci, wanda shi ne abin da lafiyarsu ke buƙata, to tana koyarwa ke nan a wurin da hukuma ba ta gani ba. Idan ta zauna a tsohon ginin, takardarta na nan daram, amma yara na kwance cikin danshi. Idan ta rufe sai ta gyara, yaran sun watse, kuɗin gyaran ma babu inda zai fito. Gaba kura, baya sayaki. Duk tsarin da zai sa mai gaskiya ta ga zama a jiƙaƙƙen ɗaki ya fi mata kwanciyar hankali da hukuma a kan ƙaura, to ya juya wa manufarsa baya, don tun asali saboda yaron aka kafa sharaɗin.

Waɗanda ba su da takardar tun farko

Duk wannan bayani kan makarantar da ke da amincewa ne, ita kuwa ba ita ce mafi yawa ba. Ƙidayar makarantun kuɗi da aka yi a Legas a shekarar karatu ta 2010 zuwa 2011, da tallafin hukumar raya ƙasashe ta Birtaniya, ta gano makarantu 12,098, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kacal ke da amincewar gwamnati. Ta kuma nuna fiye da rabin ɗaliban jihar a makarantun kuɗi suke, a matakin nazare ma rinjayen ya fi haka. Alƙaluman sun kwana biyu, amma wanda ya zaga lungunan Agege, Idi-Araba ko Ijora zai ga ƙananan makarantun nan har yau su ne ke riƙe da yaran unguwa.

Namu da yawa ba a matsayin makarantun boko suka faro ba. Makarantar allo ce ko Islamiyyar yamma, sai iyaye suka roƙi malam ya riƙa karɓar ƙananan da safe a koya musu baƙaƙe da ƙirga, a hankali aka ɗauki malama, aka ɗinka yunifom, aka wayi gari nazare ce. Rashin takardarsu ba kullum sakaci ba ne. Sharaɗin filin wasa, da ginin da aka tsara shi don makaranta, da zanen gini mai hatimin hukuma, a birnin da tsadar ƙasa ta kai inda ta kai, ya fi ƙarfin wadda ke hayar ɗakuna uku tana karɓar kuɗin makaranta kaɗan-kaɗan, wasu iyayen ma a mako-mako.

Tallafi kuwa takarda yake bi. Kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya da doka ta ware wa hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, UBEC, ta hannun hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohi yake isa makarantun gwamnati. A 2020, bayan kullen korona, asusun samar da aikin yi na Jihar Legas, LSETF, ya haɗa gwiwa da First Bank aka fitar da rancen naira biliyan 5 don makarantun kuɗi masu rahusa, Gwamnatin Tarayya kuma ta biya wa wasu malaman makarantun kuɗi albashi ta asusun ceto ƙananan masana'antu, wanda sai da rajistar hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ake shiga. Matakai ne masu kyau, sun kuma nuna gwamnati ta san da zaman waɗannan makarantu. Sai dai banki yana son rajistar kasuwanci da asusun da ke nuna shige da ficen kuɗi, makarantar da ta fi buƙata kuwa a littafi da biro take lissafinta, littafin ma ya jiƙe. Kayan agajin LASEMA da NEMA, hukumomin agajin gaggawa na jiha da na tarayya, wato shinkafa da katifa da bargo, magidanta ake raba wa. Sai makarantar ta faɗa tsakani: masu agaji na kallonta a matsayin kasuwanci, banki ba ya ganin shaidarta, ma'aikatar ilimi kuma ba ta da sunanta.

Akwai masu cewa a irin wannan hali a kau da kai kawai, kowa ya buɗe inda ya samu, tunda lalura ce. Ban yarda da wannan ba, dalilina kuwa Ita Faaji. Ranar 13 ga Maris ɗin 2019 wani bene ya rufta a wannan unguwa ta Tsibirin Legas, da makarantar nazare da firamare a samansa, mutum kusan 20 suka rasu, da yawansu yara. Hukumomi sun ce gidan zama ne, ba a amince a yi makaranta a ciki ba, kuma an riga an yi masa alamar rushewa. Ba ambaliya ce ta kayar da shi ba, amma ginin da ruwa ya kwana a gindinsa ya fi kowanne kusa da irin wannan ƙarshe. A kwatanta da makarantar kan ruwa ta Makoko, wadda mai zanen gine-gine Kunle Adeyemi ya tsara, aka kammala a 2013. Ta rushe a Yunin 2016 bayan ruwan sama mai ƙarfi, ba a rasa rai ko ɗaya ba, saboda an riga an kwashe yaran watanni kafin nan da aka ga ta fara lalacewa. Abin da ya raba labaran biyu shi ne a ɗaya an samu wanda ya duba ya ce a fita, aka kuma fita.

Amma garƙame ƙofa ma ba ya mayar da yaro wuri mafi aminci. Uwar da dole ta fita nema za ta kai shi ɗakin wata maƙwabciya da ke tara yara a ɓoye, inda babu wanda zai taɓa leƙawa. An gudu ba a tsira ba.

A raba sharuɗɗan gida biyu

Abin da nake gani shi ne sharuɗɗan amincewa ba nauyinsu ɗaya ba, kuma bayan bala'i ne ya kamata a nuna hakan a fili. Akwai waɗanda ke tsare rai. Waɗannan ƙara tsaurara su ya kamata a yi: kada yaro ya koma ginin da ruwa ya kwana a ciki sai injiniya ya duba shi, mai aikin wuta ya duba wayoyi, a kwashe sokawe, a wanke daɓe da bango da sinadarin kulorin, a zubar da duk katifar da ta jiƙe, ruwan sha ya zama tafasasshe ko wanda aka sa wa magani, yawan manyan da ke kula da jarirai kada ya ragu ko da mutum ɗaya. Haka nan tantance waɗanda ke shiga wurin yara. Lokacin ruɗani ne baƙin fuska ke yawaita da sunan taimako, kuma Legas tana da dokar haƙƙin yara tun 2007 da manufar kare yara ta 2016, ruwa bai wanke ko ɗaya ba. Tunda mai makaranta ba ta da kuɗin ɗauko injiniya a wannan hali, dubawar ta zama kyauta daga hukuma, a yi ta unguwa-unguwa cikin makon da ruwa ya janye.

Akwai kuma waɗanda ke auna inganci da tsari: faɗin filin wasa, girman aji, yawan littattafai da kayan wasa, shaidar kowace malama muddin akwai ƙwararriya guda da ke sa ido, kuɗin shekara, ranar miƙa rahoto, ranar ziyarar masu dubawa. Waɗannan lokaci suke buƙata, kuma a rubuce, da ranar ƙarewa: zango guda, a sabunta sau ɗaya idan an ga alamar gyara. Ɗaga ƙafar da ba ta da wa'adi ita ce ke zama dawwamammen sakaci, wadda ba a rubuta ba kuma ita ce ke buɗe ƙofar neman na goro, domin komai ya koma ga ganin damar wanda ya zo dubawa.

Maganin matsalar adireshi shi ne izinin wucin gadi na wurin wucin gadi, wanda za a iya bayarwa cikin kwanaki bayan gajeriyar dubawa. Legas tana da gundumomin ilimi shida, ta ɗaya tana Agege, ta biyu kuma ta haɗa Kosofe da Ikorodu da Shomolu, wato yankin da ruwan Oyan ya fi shafa. A irin wannan mataki ya kamata a yanke hukuncin, ba sai takarda ta je Alausa, mazaunin gwamnatin jihar, ta dawo ba.

Ba sabon tunani ba ne. Bayan guguwar Katrina a 2005, an kai rahoton yara fiye da 5,000 da suka rabu da iyayensu a Amurka, sai da aka yi watanni kafin a haɗa na ƙarshe da danginsa. Dokar tallafin rainon yara da suka sabunta a 2014 ta wajabta wa kowace jiha ta tanadi shirin bala'i na gidajen raino: yadda za a kwashe yara, yadda za a sada su da iyayensu, da yadda raino zai ci gaba, har da ƙa'idojin aiki na wucin gadi. Ƙungiyar INEE ta masu aikin ilimi a halin gaggawa tana da nata ma'aunin tun 2004, UNICEF kuma tana da akwatin kayan wasa da koyo na ƙananan yara wanda ke isar yara kusan 50 a tanti ko rumfa. Legas kanta ta kwashe mutanen Ajegunle da kewaye zuwa sansanin Agbowa a ambaliyar Oktoban 2010, tana kuma da wani sansanin a Igando. Mu 'yan Arewa mun ga yadda Borno ta rufe makarantu bayan ɓallewar madatsar Alau a Satumban 2024, wasu makarantun suka koma matsugunin waɗanda ruwa ya kora. A duk irin waɗannan wurare, 'yan ƙasa da shekara biyar ne na ƙarshe da ake tunawa da su, saboda ba su da jarrabawar da za ta wuce su.

Makarantun da ba su da takarda fa? Bala'i dama ce ta shigo da su. A buɗe rajistar gaggawa mai sauƙi: suna, adireshi, yawan yara, lambar waya. Wadda ta rubuta sunanta a duba mata gini kyauta, a ba ta maganin tace ruwa, a kuma yi mata alkawarin ba za a rufe ta ba na wani wa'adi muddin ginin ba shi da haɗari. Legas ta taɓa gwada auna makarantun kuɗi hawa-hawa a ƙarƙashin wani shirin inganta makarantun kuɗi mai suna DEEPEN, maimakon a ce ko an ci ko an faɗi, kuma irin wannan tsani ne ƙaramar makaranta ke iya hawa. Babban cikas shi ne tsoro. Wadda ta saba ɓoye allon sunanta idan ta hangi motar hukuma ba za ta kai kanta ba don kawai an yi sanarwa a rediyo. Nan ne ƙungiyoyin masu makarantu ke da amfani: AFED ta makarantu masu rahusa, NAPPS ta masu makarantun kuɗi na ƙasa, da LEAMSP ta masu makarantun Musulmi. Makarantun unguwanninmu da ke zaman kansu ba tare da kowace ƙungiya ba, su ne labarin tallafi ke wucewa ba su ji ba.

Idan kuwa akwai kuɗin da za a bayar, na fi son a fara da albashin malamai na wata biyu ko uku, kyauta ba rance ba. Rance daga kuɗin makaranta ake biyansa, kuɗin makarantar kuma shi ne ya tsaya. Kujera ana saye, bango ana fenti, amma malamar da yaro ya saba da ita idan ta tafi ta tafi. Wannan yana da nauyi fiye da yadda ake zato. Yaron da aka ɗauka a kafaɗa cikin dare ruwa na shigowa ɗaki yakan koma fitsarin kwance, ya maƙale wa uwa, ya firgita da jin tsawa, wani ma ya rage magana. Abin da ya fi saurin kwantar masa da hankali shi ne ya tarar da fuskar da ya sani, waƙar safen da ya saba, addu'ar da ake yi kafin cin abinci, da damar yin wasa. Mai dubawar da ya zo a wannan zango yana tambayar ina aka kwana a manhaja bai fahimci aikin ba. Malamar da ta daki yaro don ya jiƙe wando ita ma haka.

Abin da ke hannunmu

Al'ummarmu a Legas ba ta da ƙyashin taimako. Idan aka yi rasuwa ko gobara, kafin la'asar an haɗa kuɗi a kasuwa da masallaci. Tanadi kafin abu ya faru ne ba mu cika yi ba. Fadar Sarkin Hausawa, shugabannin kasuwa da kwamitocin masallatai suna da ikon da zai haɗa makarantar da ke kwari da wani zaure ko wata makaranta a kan tudu, a rubuta yarjejeniya tun da rani, a kai wa hukuma ta duba wurin tun babu gaggawa. Ranar da ruwa ya zo, ƙaura kawai za a yi. Labarin zuwansa ma ba ɓoyayye ba ne: hukumar hasashen yanayi ta NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon shekara, hukumar lura da ruwan koguna ta NIHSA tana fitar da na ambaliya, ma'aikatar muhalli ta jihar kuma kan gargaɗi mazauna gaɓar Ogun idan za a saki ruwan Oyan.

Wasu abubuwan ba sa cin ko sisi. A ɗauki hoton kowace takarda da waya, a tura wa mutum biyu amintattu. A ɗaga soket sama da tsayin yaro. A kafa kanta kusa da rufi don rajista da littattafai. A yarjejeniyar haya a fayyace wa zai gyara sokawe da daɓe idan ruwa ya shiga, da ko haya za ta ci gaba da tafiya a watannin da ɗaki ba ya zaunuwa, don rigimar mai gida da mai haya ta rufe makarantun da ruwa bai rufe ba.

Iyaye ma suna da tambayoyin da kunya ke hana su yi. Uwa ta iya cewa, "Malama, don Allah injiniya ya duba ginin nan kuwa? Ruwan da suke sha daga ina ake kawowa?" Malama kuma, maimakon ta ji an raina ta, ta ce, "Maman Abba, shigo ki gani da idonki." Makarantar da ta hana uwa leƙa banɗaki da ɗakin barcin yara bayan ambaliya, ko tana da takarda ko ba ta da ita, ba wurin barin yaro ba ce.

Sa'ar da ta fi haɗari ita ce ta tashi daga makaranta a ranar da ake ruwa. Magudanan Legas da yawa a buɗe suke, idan ruwa ya rufe titi ba a gane ina hanya ta ƙare ina kwata ta fara, kuma ruwan da bai kai gwiwar babba ba yana iya ɗauke ɗan shekara huɗu. Kowace makaranta ta sanar da iyaye tun ranar rajista cewa muddin ruwa na gudu a kan hanya ba za a saki yaro ba, ko da lokacin tashi ya wuce, ba kuma za a miƙa shi ga yayansa ɗan firamare ko ɗan acaɓar da ba a sani ba, sai babban da sunansa ke cikin rajista. Wannan na nufin a ajiye ruwan sha da ɗan abin taɓawa da fitila na zaman 'yan sa'o'i, lambobin iyaye su kasance a wayar malamai aƙalla biyu, a kuma rubuta 767 da 112, lambobin gaggawa na jihar, a bangon kowane aji.